Jirgin da Zai Jira Ka: Zaɓin Sikeli, Kayan Haɗi da Fenti ga Mai Fama da Jinya

Lokacin da amosanin gaɓɓai ya fara kama mini yatsu, shawarar da kowa ya ba ni ita ce in bar ƙananan samfuran jiragen sama na roba da nake haɗawa in koma haɗa manya. Maganar ta kwanta mini a rai, domin idan yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ai sai a nemi abin da ya cika hannu. Na sayi jirgin yaƙi mai sikelin 1/32, na buɗe kwalinsa a kan tebur cike da ɗoki. Fukafukan kam manya ne, kowanne ya fi tafin hannuna tsawo. Amma injin kaɗai guntaye ne birjik, ga bututu ga wayoyi, ga wasu 'yan mitsi-mitsi da ba su kai kan ashana ba. Kwana huɗu na yi ina fama da mazaunin matuƙi, daga ƙarshe na mayar da murfin, kwalin ya shekara biyu a kan kanta. Girma na duba, alhali abin dubawa daban yake: guntaye nawa ne a ciki, yaya suke zama da juna, kuma aikin zai yarda in ajiye shi ranar da jiki ya ƙi?

Bari mu fara da sikelin, tun da shi ne lambar da mai saye ke fara gani a jikin kwali. Idan an rubuta 1/72, ana nufin jirgin gaske ya ninka samfurin sau 72. A ɗauki Spitfire, jirgin yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya ɗan haura mita 11. A 1/72 zai zo kusan santimita 15 da rabi, a 1/48 kusan 23, a 1/32 kusan 35, a 1/24 kuwa ya tasam ma 47. Sikelin 1/72 shi ne tsohon hannu. Da shi kamfanin FROG ya fito da jiragen haɗi na roba a 1936, da shi kuma kamfanin Airfix ya fitar da jirginsa na farko, Spitfire, a shekarun 1950. Shi ya sa har gobe babu sikelin da ya kai shi yawan nau'in jirage.

Masu ƙera kwalin ba sa tsayawa a ƙara wa guntaye girma. Duk filin da suka samu sai sun cika shi da ƙarin abubuwa. Spitfire na 1/72 irin na masu koyo guntayensa ba su kai 50 ba, amma na 1/24 da Airfix ya fitar a 2022 ya haura guntaye 400. Abin da aka zuba a dunƙule a ƙaramin jirgi, kamar kujera haɗe da daɓen da take kai, a babba sai ka tarar an rarraba shi gida-gida. Ke nan guntun da ya fi ƙanƙanta a babban kwali sau da yawa bai fi na ƙaramin kwali girma ba, kuma irinsa sun fi yawa. Ga nauyi: jirgin da ya kai tsawon kamu guda sai an riƙe shi da hannu ɗaya ana juyawa ana gogewa da ɗayan, wuyan hannu mai ciwo kuwa ba ya son haka.

Wannan ba ya nufin 1/72 ne mafita. Sandar sarrafa jirgi, ƙafar taya, eriya da bakin bindiga a wannan sikelin siraransu ya kai na allura, ga saurin karyewa, ga tsalle daga bakin matsefata su ɓace. Mai ƙarfin gani da hannu tsayayye, wanda damuwarsa gajiya ce kawai, zai ji daɗin 1/72 ƙwarai, domin zai iya gama jirgi a 'yan zama kaɗan ya ga sakamakon wahalarsa. Mai rawar hannu ko raunin ido kuwa zai sha wuya. A ganina 1/48 ya fi karɓar yawancin masu jinya, musamman jirage masu inji ɗaya. Guntayen suna kamuwa da yatsa biyu ba sai da matsefata ba, layukan jiki suna ganuwa, kuma jirgin bai yi nauyin da zai gajiyar da hannu ba. Misalin da nake yawan bayarwa shi ne Mustang P-51D na kamfanin Tamiya na Japan, wanda ya fito a shekarun 1990: guntayensa ba su kai 100 ba, kuma suna zama da juna lafiya lau.

Wannan zaman da juna, ban ga abin da ya kai shi muhimmanci ba, kuma ba a rubuta shi a jikin kwali. Idan ɓarin jirgi biyu suka haɗu suka bar giɓi, dole ka cika shi da foti, wato ƙullun toshe giɓi, ka jira ya bushe, ka goge da samfefa, ka duba, ka maimaita. Gugar nan ita ce ke cin gaɓɓai, ita ce kuma ke tayar da ƙura. Sannan a lura, sabon kwali ba shi ne sabon zubi ba. Kamfanoni kan sake fito da jirgin da aka sassaƙa mazubinsa shekaru 50 da suka wuce cikin kwali mai sabon zane. Kafin ka saya, nemi shekarar da aka fara zuba shi, ka kuma duba takardar umarninsa a intanet ka ƙirga matakan. Haka nan kwalin da aka yi wa ƙarin ƙananan guntayen tagulla masu kaurin takarda, ko guntayen resin, wata irin roba mai tauri, ka bar shi tukuna. Na tagulla sai an lanƙwasa su da filaya an manna da sufa gulu, na resin kuwa ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu, ba a goge shi sai da ruwa. Kamfanin Eduard na ƙasar Cek yakan sayar da jirgi ɗaya iri biyu, ProfiPACK mai waɗannan ƙarin da Weekend mai sauƙi, kuma na biyun ba abin raini ba ne.

Akwai kuma waɗanda ba sa buƙatar gam sam, ana danna guntayen ne su shige juna, irin su Quickbuild na Airfix da Easy-Click na Revell, robar ma da launinta take zuwa. Ga wanda yake farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki, ko wanda yake kwance ba ya iya zama gaban tebur, wannan babbar ƙofa ce, kuma ba na son jin ana kiran su kayan yara. Sai dai dannawar tana son ƙarfin babban yatsa. Idan gindin babban yatsanka ne ke ciwo, ɗora guntun a kan tebur ka danna da tafin hannu, ko ka ɗan kankare ƙusoshin robar su sassauta ka sa ɗigon gam.

Ba roba kaɗai ake haɗa jirgi da ita ba. Akwai katakon balsa, akwai kati. Balsa itace ne marar nauyi, mai laushin da farce ke shiga, kuma kamfanin Guillow's na Amurka ya daɗe yana sayar da jiragensa. Ana shimfiɗa zanen a kan allo, a kafa sanduna da fil a kansa, a manna da farin gam, a bari ya kwana. Aikin yana da natsuwa, babu gaggawa a cikinsa, kuma farin gam ba ya hawa kai. Matsalarsa biyu ce. Siraran sandunan da ake jerawa a jikin jirgin kaurinsu bai wuce milimita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, hannu na ɗan fizga sun karye. Sannan ƙurar balsa tana da laushi, tana daɗewa a iska, ga ruwan da aka saba shafa wa takardar da ake rufe jikin jirgin da ita don ta ɗame, mai wari kamar na goge jan farce. Yanzu akwai irinsa na ruwa, amma ƙurar tana nan. Idan za ka shiga balsa, nemi wanda aka yanka da leza, domin tsohon yankan tambari yakan murƙushe gefen katakon ya bar maka gyara.

Kati kuwa shi ne aminin mai ciwon ƙirji. A ƙasar Foland aka fi shahara da shi, galibi a sikelin 1/33, kuma jirgin yana zuwa a buge da launinsa, babu fenti, babu tina, babu feshi. Tire ɗaya ya ishe ka, ko a gado kake. Idan kuma a kwamfuta ka sauke zanen, guntun da ya lalace sai ka sake buga shi. To amma kowane guntu kai za ka yanke shi da aska, ɗaruruwan yanka a kan layi siriri, kana matse da mariƙi tsakanin yatsa uku. Na gwada, na so shi, yatsuna suka ce a'a tun a shafi na biyu. Wanda hannunsa lafiya ƙalau, numfashi ne damuwarsa, ya fara da kati kafin komai. Wanda gaɓɓai ne damuwarsa ya tsaya a roba.

Gam ma iri-iri ne, kuma bambancinsu ga mai jinya ba a ƙarfin riƙo yake ba, a lokacin da yake ba ka ne. Gam ɗin roba mai ruwa-ruwa, irin Tamiya Extra Thin, ba manna yake yi ba, narkar da fuskar robar yake yi ta haɗe. Za ka fara haɗa guntayen a bushe, ka ɗaure su da salatif ko zoben roba, ka gyara zamansu yadda kake so ba tare da wani ya kore ka ba, sannan ka taɓa bakin ɗan buroshinsa a layin haɗin, ruwan ya bi layin da kansa. Ga mai rawar hannu babu kamarsa. Illarsa wari: asiton da wani sinadari ɗan'uwansa ne a ciki, don haka sai taga a buɗe, kwalbar kuma a rufe da zarar an taɓa. Akwai wanda ake yi da man ɓawon lemo, warinsa da sauƙi amma ya fi jinkirin kamawa, kuma sauƙin wari ba izinin rufe taga ba ne. Sufa gulu shi ne na fi tsoro. Yana kamawa cikin daƙiƙu, ko guntun ya zauna daidai ko bai zauna ba, yana manne yatsu, yana sa gilashin jirgi ya yi hazo, tururinsa kuma yana harzuƙa hanci da ido, har yakan tayar wa wasu asma. Ga murfin gilashi da ƙananan abubuwan da ba sa ɗaukar nauyi, farin gam ya wadatar: yana ba ka mintoci, kuma idan ka kuskure sai ka ɓare ka sake.

Inda zaɓin ya fi tsauri shi ne fenti, domin a nan abin da ke taimakon hannu shi ke cutar da ƙirji. Na'urar feshi, wato 'yar bindigar nan mai aiki da iskar kwamfuresa, tana yafe wa hannu mai rawa fiye da yadda ake zato. Ba hannunka ke fitar da layi ba, salatif ɗin da ka rufe wurin da shi ne. Ka tsaya ka rufe a natse, ko da zai ɗauke ka kwana biyu, sannan feshin na 'yan mintoci ne, kuma 'yar girgiza ba ta nunawa. Amma feshi yana mayar da fenti hazo, hazon kuma huhu yake nufa, ko da fentin na ruwa ne. Takunkumin ƙura na takarda ba ya tare tururin tina, sai takunkumin roba mai matattarar gawayi da aka yi don wannan, tare da fanka mai zuƙe iska zuwa waje. Shi kansa wannan takunkumin yana ƙara wa numfashi nauyi, saboda haka mai ciwon huhu ko na zuciya ya tuntuɓi likitansa kafin ya ɗaura. Ƙari a kan haka, na'urar sai an wanke ta duk lokacin da aka gama, ko ka gaji ko ba ka gaji ba. Idan ka bar fenti ya bushe a cikinta, gobe aikin kwance ta ne zai cinye ƙarfin da ka tanada. Maɓallinta na sama ma yana gajiyar da manuniya, ko da yake akwai mai kunama a ƙasa da ake ja da yatsa biyu.

Buroshi ba ya tayar da hazo, kuma wanke shi kofin ruwa ne idan fentin akirilik na ruwa kake amfani da shi, irin Vallejo na Sifen mai zuwa a kwalbar ɗigo. Kwalbar ɗigon nan kanta rahama ce ga yatsu, ba kamar ɗan gwangwanin fentin mai ba da sai an ɓanɓare murfinsa da sukuddireba, ko kwalba mai murfin murɗawa da fenti ya bushe a bakinta. Sirrin shi ne a tsinka fentin da ɗan ruwa, a shafa sau biyu ko uku da faffaɗan buroshi mai laushi. Shafin farko zai fito da zane-zane, kada ka karaya, kada kuma ka koma kansa kafin ya bushe. Fentin mai, irin Humbrol, ya fi kwanciya sumul da buroshi, sai dai yana son awanni tsakanin shafi da shafi, kuma da tina ake wanke shi. Fentin da ake kira lacquer, irin Mr. Color, ya fi duka kyau a feshi, ya kuma fi duka wari, ni dai na sallama shi. Idan aka ce in yanke: mai asma ko wata cutar huhu ya riƙe buroshi da fentin ruwa, ya haƙura da feshi gaba ɗaya. Mai rawar hannu da ƙirji lafiyayye ya koyi feshi da salatif. Wanda ya haɗa biyun, ya yi buroshi amma ya ari dabarar masu feshi, wato ya rufe gefe da salatif, ya riƙa jan buroshin daga kan salatif ɗin zuwa ciki don kada fenti ya kutsa ƙarƙashi.

Launin jirgin da ka zaɓa ma yana rage aiki ko ya ninka shi. Corsair da Hellcat na sojan ruwan Amurka a ƙarshen yaƙin shuɗi ne mai duhu daga sama har ƙasa, launi ɗaya tal. Hawk na Red Arrows, tawagar wasan jirage ta sojan saman Ingila, ja ne. Jiragen Jamus masu ɗige-ɗigen ɓad-da-kama a gefe kuwa kusan sai da feshi, launin azurfa kuma yana tona duk wani ƙarzane da ke jikin roba. Jirage masu fiffike hawa biyu na Yaƙin Duniya na Farko, da sandunansu da zaren da ake ɗaurawa tsakani, kyawunsu ba a magana, amma a bar su sai ranar da hannu ya yarda. Sannan babu dokar da ta ce sai an buɗe murfin matuƙi an nuna ciki, ko sai an sauke tayoyi. Rufe murfin, naɗe tayoyin, ɗora jirgin a kan sanda kamar yana shawagi: ka tsallake wurare biyu da suka fi cin rai, kuma jirgi a sama aka san shi. Don firam ɗin gilashi, akwai salatif da ake sayarwa a yanke daidai kowace taga, ya cancanci a neme shi.

Game da ido, gilashin ƙara girma na ɗaurawa a goshi ya fi na riƙewa, tun da yana sakin hannu biyu. Amma kada ka ruɗu da lamba mafi girma, domin duk yadda ƙarfinsa ya ƙaru, haka tazarar aiki ke raguwa. A gilashin OptiVISOR, mai ninki 1.75 yana gani daga inci 14, mai 2.5 daga inci 8, mai 3.5 kuwa sai ka kawo abin inci 4 daga fuskarka. Wannan na ƙarshen zai sa ka duƙa har wuya da baya su ɗauka, ga hancinka a bakin kwalbar gam. Mai ciwon baya ya ɗauki mai sauƙin ƙarfi, ya ƙara fitila mai farin haske, ya ɗaga aikin sama a kan ɗan akwati maimakon ya sauke kansa. Sau da dama abin da mutum ke zaton raunin ido ne, ƙarancin haske ne.

Aska kuwa ba abin wasa ba ce ga mai ciwon suga da jin yatsunsa ya ragu, ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin. Na farko zai iya yankewa bai ji ba kuma rauninsa ya yi jinkirin warkewa, na biyu jininsa ba ya saurin tsayawa. Yawancin aikin aska a jirgin roba ana iya ba wa wasu: 'yar filaya mai yanka ta cire guntu daga firam ɗin robar da yake zuwa a maƙale, sandar samfefa ta share saura. Idan dole sai aska, naɗa wa mariƙinta soso ko salatif ya yi kauri. Hakan yana sauƙaƙa riƙo, yana kuma hana ta gangarowa daga tebur, domin mariƙin a mulmule yake kuma da tsininta take faɗowa. Saboda wannan nake cewa a sa rufaffen takalmi a zauna aiki.

Wani abokina da hannunsa ke rawa ya nuna mini yadda yake manna farfela. Ya kafa gwiwar hannu biyu a kan tebur, ya haɗa gindin tafukansa suna taɓa juna, jirgin a hagu, guntun a dama. Rawar ba ta tsaya ba, amma hannuwan biyu tare suke rawa, sai guntun ya shiga raminsa. Ƙananan guntaye ba ya ɗaukar su da matsefata, tsinke yake sa wa ɗan ƙullin Blu Tack, wato danƙon manna takarda a bango, a baki ya dangwalo su. Ya kuma maƙala gefen farin ƙyalle a bakin tebur, ɗaya gefen a ƙirjinsa, duk abin da ya suɓuce a nan yake faɗawa, ba sai ya durƙusa yana lalube a ƙasa ba. Na kwaikwayi duka ukun.

Yanzu Hellcat ne mai sikelin 1/48 a gabana, a cikin tire mai murfi. Da safe yatsuna a sandare suke tashi, don haka sai rana ta ɗaga nake zama, bayan na ɗan jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Ina sa agogo minti 20, idan ya buga in tashi ko da ina tsakiyar jin daɗi, domin na gane ƙarin rabin awa yau yakan ci mini kwana biyu. Kafin in rufe tiren nakan ja layi da fensir a ƙarƙashin matakin da na tsaya. Makon jiya jiki ya hana ni zama kwana biyar. Da na dawo na buɗe, fiffiken hagu yana nan ɗaure da zoben robarsa, gam ya kama tsaf, shafi na biyu na shuɗin ne kawai ya rage.